Bargon Gida da Bargon Kasuwa

Mu biyu ne, yaya da ƙanwa, 'ya'yan tela. Tun muna ƙanana aikinmu ne mu share ƙarƙashin keken Baba kowace yamma. Ƙyallayen da muka tara mu kan zuba su cikin wani buhu a bayan ƙofa, in buhun ya cika Inna ta ɗauka. Ba ta taɓa yarda a ƙone ko ɗaya ba. Manyan ta kan yi mana ɗankwali da su, ƙananan kuwa ta harhaɗa su ta yi abin rufa. A ƙarƙashin irin wannan abin rufa muka yi girma a Bukuru, inda sanyin hunturu ba ya jin roƙo.

Yanzu fiye da shekara goma ke nan muna bin ƙauyuka muna koya wa ƙungiyoyin mata wannan ɗinki. Waɗansu na Zumuntar Mata ne, waɗansu na adashi, waɗansu kuwa matan unguwa ne kawai da suka ga hannunsu ya sami sarari bayan girbi. Muna so mu ba masu karatu labarin wani kuskure da muka yi cikin wannan aiki, gama har yau in muka tuna da shi sai kunya ta kama mu.

Amma bari mu fara bayyana ɗinkin kansa, domin waɗanda ba su taɓa gani ba. Bargon ƙyallaye hawa uku ne. Na sama shi ne fuska, wato ƙyallayen da aka yanka aka haɗa gefe da gefe. Na tsakiya shi ne ciki, mai riƙe ɗumi, ko shimfiɗaɗɗiyar auduga, ko tsohon bargo, ko tsofaffin zannuwa biyu. Na ƙasa shi ne baya, yawanci akoko ko zanen gado. Sai a ɗora su bisa juna, a bi su da allura layi layi har ukun su zama ɗaya. Fuskar ce ido ke gani, amma wannan ɗinki na ƙarshe shi ne ƙarfin bargo. In babu shi, ran wankin fari cikin zai tattaru ya yi gudaji kamar tuwon da bai ji muciya ba.

Mutane da yawa su kan ce ɗinkin Turawa ne. Mu ma haka muka ɗauka, har ran da wani dattijo mutumin Zariya ya tsaya bakin ƙofa yana kallonmu, ya ce, "'Ya'yana, ai lifidi ku ke ɗinkawa." Da gaskiyarsa kuwa. Lifidi rigar yaƙi ce ta doki da mahayinsa, yadi biyu da auduga a tsakani, an bi su da ɗinki domin kada kibiya ta kai ga jiki. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Har yanzu wanda ya je kallon hawan salla zai ga 'yan lifidi bisa dawakansu. Ashe dabarar ta daɗe a ƙasarmu. Abin da mu muka ɗauko daga littattafan Turawa shi ne awo da yanka daidai wa daida.

Koyarwarmu kwana uku ce. Ran fari ba mai taɓa allura, abin da kan ba mata haushi ke nan. Wanki a ke yi da guga. Sabon yadin auduga ya kan tsuke in ya sha ruwa, wani kuma rininsa ya kan zuba, gara kuwa ya nuna halinsa cikin bokiti da ya nuna shi bayan an gama wahalar ɗinki. Mu kan jiƙa farin ƙyalle mu goga bisa ja ko shuɗi, in ya ɗauko launi sai a sake wankewa. Sa'an nan a rarrabe auduga da yadin roba. A zamanin Baba wannan ba wuya, gama yawancin abin da ya ke yankawa auduga ce daga masaƙun Kaduna, waɗanda ta farinsu ta soma aiki a 1957. Yau masaƙun nan kusan duka sun yi shiru, atamfa da yawa daga Sin ta ke zuwa, wata kuma ido ba ya iya gane ko auduga ce ko roba. Ashana ce ke raba gardama. A tsige zare kaɗan a kai kusa da wuta. Auduga ta kan ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa ta narke ta dunƙule ta yi tauri.

Rana ta biyu a ke yanka da haɗi. Mu kan ba kowace mace kwali mai kusurwa huɗu, kowane gefe inci 4 da rabi. Ta ɗora bisa yadi, tana bin zaren saƙa, gama wanda aka yanka a karkace ya kan miƙe a hannu. Ta zana da alli, ta yanka. Ɗinki zai ci rubu'in inci a kowane gefe, sai inci 4 ya rage a fili. Bargon gado mai faɗin inci 60 da tsawon inci 80 yana bukatar ƙyalle 15 a kowane layi, layi 20, duka 300 ke nan. A nan mu kan tsaya mu ja kunne. In kowane ƙyalle ya gaza da rabin rubu'in inci kaɗai, abin da bai fi kaurin ashana ba da yawa, kafin a kai ƙarshen layi an yi hasarar kusan inci 2, layin nan kuwa ba zai sadu da ɗan'uwansa ba. Rana ta uku a ke shimfiɗa hawa ukun bisa tabarma, a kama su da manyan ɗinki na ɗan lokaci, a fara bi daga tsakiya zuwa baki domin kada yadi ya tattare.

Duk wannan gaskiya ne, har yau kuwa muna koyar da shi. Kuskurenmu shi ne mun mai da shi doka, muka kuma ɗora alkawari a bisansa.

Wata shekara cikin watan Disamba aka kira mu wani ƙauye a gaban Pankshin. Kafin tafiyar mun sadu da wani mai kanti a Abuja wanda ke sayar wa baƙi kayan hannu. Ya ga bargonmu ɗaya, ya yaba, ya ce in za a samu kamar guda goma masu tsabtar ɗinki irin wannan, yana so. Bai rubuta kome ba, bai ba da ko kwabo ba, ba mu kuwa yi ciniki ba. Amma muka ɗauki maganar nan kamar kuɗi a hannu, muka aika wa ƙungiyar tun kafin mu isa. Da jin haka matan suka kwashi kuɗin adashinsu na wata biyu suka sayo sabuwar atamfa da akoko, gama mun ce ƙyallayen teloli ba za su ba da launi iri ɗaya ba. Ku duba fa, masu karatu. 'Ya'yan matar da ba ta yarda a ƙone ƙyalle ba, su ne suka sa mata sayen sabon yadi domin a yayyanka shi a sake haɗawa. A lokacin ko kaɗan ba mu ga abin mamaki a ciki ba.

Mata wajen ashirin suka taru a ɗakin taro. Ran fari ta wuce lafiya. Rana ta biyu, muna cikin rarraba kwali, sai wata mace ta shigo da ƙunshi a kanta, wadda ba mu gan ta jiya ba. Za ta girme mu da kaɗan. Ta gaishe mu, ta durƙusa ta kwance ƙunshin. Kayan namiji ne: wandon kaki biyu, da rigar gona, da wata taguwa mai gidan dara, da babbar riga ta shadda wadda ta sha wanki har ta yi laushi. Duka an wanke, an goge, an ninke da kyau.

Muka ɗaga wando ɗaya wajen taga. Haske yana ratsa gwiwoyinsa. Ba za mu faɗi wadda ta yi maganar a cikinmu ba, gama ɗayar ma ta gyaɗa kai. Abin da aka ce, a gaban kowa, shi ne, "Yaya, wannan ba zai yi ba. Yadin ya riga ya mutu, ko allura ba za ta riƙe shi ba." Muka ƙara da cewa kaki da shadda ba nauyinsu ɗaya ba, ba a haɗa su, in tana so ta zauna ta taya wata yanka.

Ɗakin ya yi tsit. Mu kuwa muka zaci ladabi ne. Matar ba ta ce kome ba, ta ninke kayan ɗaya ɗaya kamar yadda ta kawo su, ta ɗaure, ta koma baya ta zauna har aka tashi. Kashegari ba ta zo ba.

Da daren nan Uwar Zumunta ta kawo mana tuwon acca masaukinmu. Sai da muka ci muka wanke hannu, sa'an nan ta ce, "'Ya'yana, kun tambaye ta kayan nan na wane ne?" Muka ce a'a. Ta ce, "Na mijinta ne. Da daminar nan muka binne shi. Yara huɗu ya bar mata, bargo ɗaya ne a ɗakin. Ba ta sa hannu cikin kuɗin atamfa ba domin ba ta da shi. Ba sayarwa ta zo koya ba, abin da za ta rufa wa yara ta zo ɗinkawa." Ba ta ƙara kome ba, ta tattara kwanoninta ta yi mana sai da safe.

Ya kamata mu tashi a daren nan mu tafi gidan gwauruwar. Muka ce dare ya yi. Da safe muka ce aiki ya yi yawa, da yamma kuma mota tana jira. Gaskiyar magana ita ce kunya ta hana mu, muka bar ƙauyen ba mu gan ta ba.

Labarin barguna goman nan ba shi da tsawo. Wata uku matan suka yi a kansu, kowane ɗaya ya ci mata biyu wajen mako uku na yammacinsu. Sun yi kyau ƙwarai, kusurwa ta sadu da kusurwa. Mai kantin ya jujjuya su, ya yaba, ya ce zai ɗauki uku. Kuɗin da ya taya da ƙyar ya rufe na yadi da zare, balle a yi zancen ladan hannu. Sauran ya ce a ajiye, in an saya ya biya. Muka kwaso su muka kai kasuwannin gida, a can kuwa ba wanda ya ko taya. Mai neman abin rufa zai sami bargon kanti mai laushi, ko na gwanjo, a kan kuɗin da bai kai rabin namu ba, don me zai saya a wurinmu? Ba mu ga laifin mai kantin sosai ba. Abin da kunnenmu ke so ya ji, shi muka ji. Kusan shekara guda muka yi muna mayar wa matan kuɗinsu kaɗan kaɗan daga aljihunmu, ladan wahalarsu kuwa ba mu iya biya ba. Waɗansu daga cikinsu har yau gaisuwarsu gare mu gajeriya ce, ba mu kuwa ce sun yi laifi ba.

Cikin wannan shekara ce 'yar ɗan'uwanmu, wadda ke karatu a jami'a, ta nuna mana waɗansu hotuna a wayarta. Barguna ne daga wani ɗan ƙauye a jihar Alabama ta Amurka, ana ce da shi Gee's Bend, inda kogi ya yi gwiwa ya kusa kewaye shi. Mazaunansa baƙar fata ne, jikokin bayin da suka noma auduga a wurin, da yawansu har yanzu suna amsa sunan Pettway, sunan mai gonar. Matan wurin sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhuna da duk abin da hannu ya samu, domin ɗakunansu na katako ne, iska tana shiga. A 2002 aka rataye bargunan nan a babban gidan nuna zane-zane na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, a 2006 kuma gidan waya na Amurka ya buga hotunan guda 10 bisa kan sarki. Muka duba da idon malamai: layi a karkace, kusurwa ba ta sadu ba, kauri da sirara an haɗa su wuri ɗaya. Da a ajinmu ne da mun sa an warware.

Ɗaya daga cikinsu ya sa muka yi shiru. Wata mace mai suna Missouri Pettway ce ta ɗinka shi a 1942, bayan rasuwar mijinta, da kayan da ya ke sawa zuwa gona. Ana ganin inda gwiwa ta ci yadin. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, sai da muka ga Turawa sun rataye irin wannan a bango kafin mu yarda bargo ne. Matan nan kuwa yaransu sun sha ɗumi a ƙarƙashinsa shekaru da yawa kafin wani mai gidan kallo ya san hanyar ƙauyensu.

Da hunturu ya kewayo, cikin watan Janairu, muka shiga mota muka koma, ba wanda ya kira mu. Muka riƙe sabulu da sukari da zare, Uwar Zumunta ta raka mu har ƙofar gidan. Matar ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, aka gaisa, muka yi mata ta'aziyyar da ta makara fiye da shekara. Sa'an nan muka ce, "Yaya, mun zo neman gafara. Mun yi miki magana ba da sani ba, da muka sani kuma ba mu zo ba."

Ta ce, "Ba kome, Malamai. Ai gaskiya kuka faɗa, yadin ya mutu. Shi ya sa na goya shi bisa zanena." Ta shiga ɗaki ta fito da shi a kafaɗa.

Mun daɗe muna dubansa. Ba ta yi aiki da kwali ba, ba ta auna kome ba. Ta farke ɗinkin wandunan da rigunan, ta kekketa su dogaye dogaye. Ta shimfiɗa tsohon zanenta, ta jera su a kai, ta kalmashe bakin kowane ɗaya bisa na kusa da shi, ta ɗinke su a jikin zanen kai tsaye. Ta haka ba ƙyallen ne ke ɗauke da nauyin ɗan'uwansa ba, zanen ne ke ɗauke da su duka. Inda yadi ya yi sirara, wajen gwiwa da kafaɗa, layin ɗinkinta bai fi faɗin yatsa ɗaya tsakani ba. Inda ya ke da ƙarfi ta sake hannu. Kakin ta sa shi a baki kewaye, gama nan ne yara ke ja da dare. Shaddar tana tsakiya, har da aikin wuyan rigar, ba ta yanke shi ba. Ko aljihun wando ɗaya yana nan a gefe, ƙaramin ɗanta kuwa ya sa hannu a ciki ya fito da gyaɗa biyu ya nuna mana. Bargon yana da nauyi, ya sha wanki, ba inda ya ɓarke.

Abin da muka ce ba ya yiwuwa, wato haɗa kaki da shadda da mataccen yadi, ta yi shi da allura ɗaya da hasken aci-bal-bal. Daga baya muka ga dabarar ɗinka ƙyalle bisa wani yadi tana cikin littattafan da mu ke da su a gida. Mun sha wuce shafin, domin hotunansa ba su da kyaun gani.

Tun daga lokacin nan, in muka isa wurin ƙungiya ba mu fara da wanki ba. Mu kan zauna mu tambayi kowace mace ɗaya ɗaya, "Mama, wa zai rufa da shi?" ko "Yaya, na gida ne ko na kasuwa?" Sa'an nan mu shimfiɗa tabarma biyu. Masu na kasuwa su ne a ke ba kwali, a tsananta musu awo, gama mai saye da ido ya ke saye. Amma ba mu ƙara barinsu su fara da bargon gado ba. Ƙananan abubuwa mu ke nuna musu, jaka, da rigar matashin kai, da ɗan bargon jariri wanda a kan kai gidan suna, abin da za a gama cikin kwana biyu ko uku da ƙyallayen da tela zai bayar kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Mu kan sa su lissafta yadi da zare da kwanakin aiki kafin su sa kuɗi. In wani ya ce yana son babba, sai ya ba da kafin alƙalami kafin almakashi ya taɓa yadi. Kuɗin adashi kuwa mun roƙe su kada ya ƙara shiga wannan sha'ani ta bakinmu.

Masu na gida su kan kawo abin da su ke da shi, mu nuna musu goyo, gama sunan da mu ke kiransa ke nan yanzu. A tabarmar nan ce a kan fi yin hira, a kan kuma yi kuka wani lokaci, domin ba mai kawo yadin da ba shi da labari. Wata ta kawo rigunan makarantar 'ya'yanta da suka yi aure, wata zanen goyon da ta goyi yara shida da shi. Ba mu ƙara ɗaga kayan kowa wajen taga ba sai mun ji na wane ne. Ba za mu ɓoye muku ba, ɗaya daga cikinmu har yanzu in ta ga kusurwa a karkace hannunta ya kan yi ƙaiƙayi, sai ɗayar ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin zane.

Ran nan da muka je gidan gwauruwar, kafin mu tashi mun roƙe ta ta ba mu aron bargon na mako biyu, mu nuna wa wata ƙungiya a Kagoro. Muka ce za mu bar mata ɗaya daga cikin namu masu kyaun nan a madadinsa, gama akwai sauran bakwai. Ta dubi yaran, ta dubi sararin sama da ya yi fari fat da hazo. Ta ce namun ta gode, za ta karɓa, gama babbar 'yarta ta isa kwana ita kaɗai. Amma wannan, ƙananan ba su yarda su kwanta sai da shi. Ta ce mu dawo da bazara, in zafi ya sauka, sa'an nan a yi maganar aro.